Waya ta karanta mini takarda da murya: wace hanya ce ke aiki da gaske?

Malam_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yanzu kusan kowace takarda a PDF take zuwa: darasin jami'a, sanarwar makaranta, takardar haya, wasiƙar ma'aikata. Ga dattawanmu da idonsu ya yi rauni, ga ɗalibai da ke ɓata awa guda a trotro, motar haya, tsakanin Aboabo da Tech, wato jami'ar KNUST a nan Kumashi, ga kuma 'yan'uwanmu makafi. Wace hanya ce mafi sauƙi da za a sa waya ko kwamfuta ta karanta musu? A ganina in aka samu murya mai daɗi wadda ba ta yi kama da ta inji ba, magana ta ƙare. Abin da ya fi damuna shi ne takardar da aka rubuta da Hausa. Masana ku taimaka.

Sani_Adum:
Wa alaikumus salam Malam. A fara da abin da ke cikin wayar tukuna, kafin a kashe ko sidi ɗaya. A Android shiga Settings, sai Accessibility, sai Text-to-speech output. A nan za ka ga injin da ke magana, yawanci na Google. Danna alamar saiti da ke gefensa, ka shiga Install voice data, ka sauke muryar da kake so ta zauna a kan wayar, don ta yi aiki ko babu data. A wannan shafin kuma akwai ma'aunin sauri da na kaurin murya.

Bayan haka koma Accessibility ka kunna Select to Speak. In ba ka gan shi ba, sauke Android Accessibility Suite daga Play Store. Wani ɗan maɓalli zai fito a gefen allo. Ka buɗe takardar, ka taɓa shi, ka danna alamar kunnawa. Amma abin da ke kan allo yake bi, don haka ya fi dacewa da saƙo ko shafi ɗaya zuwa biyu. Doguwar takarda tana son manhaja irin @Voice Aloud Reader, wadda ke riƙe inda ka tsaya kuma tana ci gaba ko allo ya mutu.

Ummi_Tafo:
Na iPhone ya fi gajarta. Settings, Accessibility, Spoken Content (daga iOS 26 sunansa ya koma Read & Speak), ka kunna Speak Screen. Daga nan duk shafin da ka buɗe, ja yatsu biyu daga can saman allo zuwa ƙasa, sai ta fara.

Hajiya_Asawase:
Malam, da girmamawa, ban yarda cewa murya ce maganar ba. Takardar ce. PDF iri biyu ne ko da yake sunansu ɗaya. Akwai wanda aka buga a kwamfuta aka adana, haruffansa na nan a ciki. Akwai kuma wanda hoton takarda ne kawai, aka ɗauka da waya ko injin sikan. Na biyun nan, ko muryar da ta fi kowace tsada a duniya ka kawo, shiru za ta yi, domin babu harafi ko ɗaya da za ta kama.

Gwajin ba wuya. Buɗe fayil ɗin, ka danne yatsa a kan kalma ɗaya. In kalmar ta haskaka ita kaɗai, rubutu ne. In ba abin da ya motsa, ko shafin gaba ɗaya ya zaɓu, hoto ne. Yawancin darussan da ake yi wa sikan a shagunan fotokofi a tura wa ɗalibai ta WhatsApp, irin na biyu ne.

Malam_Aboabo:
Madalla Hajiya. To in hoto ne, shi ke nan an haƙura?

Hajiya_Asawase:
A'a. Sai a bi da shi ta OCR, wato manhajar da ke duba hoto ta fitar da haruffa. In shafi ɗaya ne ko biyu, Google Lens ta isa: nuna mata shafin, zaɓi rubutun, ka kwafa ko ka sa ta karanta nan take. In shafukan da yawa ne, a kwamfuta ɗora fayil ɗin a Google Drive, danna shi da maɓallin dama, Open with, Google Docs. Zai fito da rubutun da za ka iya gyarawa. Google da kansu sun ce fayil ɗin kada ya wuce megabayit 2, don haka babban kundi sai an yanka shi gida-gida.

Ingancin hoton shi ne komai. A injin sikan a sa 300 dpi. Da waya kuwa, a shimfiɗa takardar a kan tebur, haske ya fito daga gefe ba daga bayanka ba, don kada inuwar hannunka ta faɗa kan rubutun. Littafi mai kauri a danne tsakiyarsa, domin layin da ya lanƙwashe kusa da ɗinki shi ke fitowa a hargitse. Fotokofin da aka yi daga wani fotokofin, harafin l da lamba 1 sukan rikiɗe, haka rn yakan koma m. Ido yana wuce wannan bai ma lura ba, kunne kuwa sai ya ji wata kalma dabam.

Injiniya_Oforikrom:
Ƙari a kan maganar Hajiya. Ko PDF ɗin na rubutu ne, akwai abubuwan da ke ɓata sauraro. Shafi mai gida biyu irin na jarida: wani lokaci injin yakan karanta layin farko na gidan hagu, ya tsallaka layin farko na gidan dama, ya dawo, sai maganar ta zama kamar mutum biyu na magana a tare. Sai sunan littafi da lambar shafi da ke saman kowane shafi, yana shigowa tsakiyar jimla sau ɗari uku in littafin shafi ɗari uku ne. Sai bayanan ƙasan shafi, da kalmar da aka raba da karan ɗori a ƙarshen layi.

@Voice tana da wurin yanke gefen shafin PDF kafin ta ciro rubutun, ka datse sama da ƙasa sau ɗaya ka sa ya bi sauran shafukan. Amma in akwai zaɓi, nemi littafin a EPUB, wato fayil ɗin littafi na karantawa a waya, ko Word. Su ba a ƙulle suke da girman shafi ba, rubutun yana gudana a jere.

A kwamfuta, mafi sauƙi shi ne ka ja PDF ɗin ka jefa cikin Microsoft Edge ka danna Ctrl+Shift+U. A Word kuma Review, Read Aloud, ko Ctrl+Alt+Space. Adobe Acrobat Reader na da nasa: Ctrl+Shift+Y ya kunna, Ctrl+Shift+V ya karanta shafin da kake kai, Ctrl+Shift+B ya tafi har ƙarshe. A cikin muryoyin Edge akwai biyu na Turancin Najeriya, Abeo da Ezinne, kuma ga dattijon da bai saba da lafazin Amurka ba, sun fi shiga kunne.

Ɗan_Alabar:
Injiniya ka manta ka ce waɗannan muryoyin masu Online a sunansu ba sa motsi sai da intanet. Data ta ƙare, murya ta ɗauke.

Injiniya_Oforikrom:
Gaskiyarka. Mai son ya san wacce ce ke zaune a na'urarsa, ya kashe data da wayfai ya sake gwadawa.

Malama_Rabi:
Wannan batu na intanet ba na kuɗin data kaɗai ba ne. Murya ta intanet, rubutunka ake aikawa kwamfutar kamfanin a can, a mayar da shi sauti a dawo maka da shi. Haka ma ɗora fayil don OCR. Darasin makaranta ba komai. Amma sakamakon asibiti, takardar fili, takardar kotu, ko duk abin da ke ɗauke da lambar Ghana Card, a tsaya a kan muryar da aka sauke. Masu aikin ofis su ƙara kula, domin bayanan mutane da ke hannunsu suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2012, Act 843. Kuma waɗannan shafukan da ke cewa "ɗora PDF ɗinka kyauta mu mayar maka MP3", ba ka san hannun wanda takardarka ta shiga ba.

Baba_Sabon_Zango:
'Ya'yana, duk kun yi ta bayani a kan Turanci. Malam ya tambayi Hausa kuma ba wanda ya taɓa ta.

Sani_Adum:
Ranka ya daɗe Baba, an zo wurin. Abu na farko, kada a bar muryar Turanci ta karanta Hausa. Za ta karanta "ce" da s, ta mai da "shi ke nan" wani abu, ta tsallake ƙ da ɗ ko ta tsaya tana faɗin sunan harafin. Hanya mafi kusa ga kowa ita ce Google Translate: sa harshen farko Hausa, liƙa rubutun, danna alamar lasifika. Ba fassara kake nema ba, karatun kawai. Iyakarta haruffa 5,000 a lokaci guda, wato wajen shafi biyu zuwa uku, kuma sai da intanet. Wasiƙa ko sanarwa ta wadatar. Littafi kuwa wahala ce.

Ustaz_Asokore:
Ga masu iya taɓa kwamfuta akwai wata ƙofa. A 2023 kamfanin Meta ya saki aikin da ya kira MMS, mai muryoyin harsuna fiye da 1,100, da Hausa a ciki. Ana iya sauke ta Hausar a kunna a kwamfuta ba tare da intanet ba, amma sai wanda ya san Python, harshen rubuta manhaja, kuma lasisinta bai yarda a yi kasuwanci da ita ba. An horar da muryoyin ne da karatun Sabon Alkawari da aka naɗa, shi ya sa sautin ke fita da salon mai karatu a natse, ko tallan shinkafa ka ba ta.

Amma asalin wahalar a rubutunmu na boko take. Ba ma rubuta karin sauti, ba ma nuna dogon wasali. Ka ɗauki "gari": garin Kumashi da garin da ake jiƙawa da suga da gyaɗa, rubutunsu ɗaya, furucinsu dabam. "Kuka" na yaro da "kuka" ta miya. "Wuya" na jiki da "wuya" ta rayuwa. Bahaushe yana ganin jimlar ya san wanne ake nufi. Injin kuwa cinta yake yi, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya sha ƙasa. Turanci ma yana da irin wannan, sai dai an ciyar da injinan Turanci da magana mai ɗimbin yawa, tamu kuwa kaɗan ce.

Malama_Rabi:
Ustaz ya faɗi abin da ba mu da iko a kansa. Ga wanda muke da iko. Kafin ka ba injin rubutun Hausa, gyara masa abu uku.

Ƙugiya tukuna. In an rubuta "kasa" ana nufin ƙasa, ko "daki" ana nufin ɗaki, injin abin da ya gani zai faɗa. Gboard, manhajar buga rubutu a waya ta Google, na da allon Hausa mai ɓ, ɗ, ƙ, babu dalilin barin su.

Sai tsofaffin fayilolin da aka buga da fon na musamman kafin Unicode, tsarin haruffa na bai-ɗaya a kwamfuta, ya yaɗu. A allo kana ganin ƙasa, amma in ka kwafa ka liƙa wani wuri sai ka ga }asa, ɗaya ta zama ]aya, ɓata ta zama ~ata. Abin da ke ƙarƙashi shi injin ke karantawa, sai ka ji yana kiran sunayen alamomi. Maganinsa Ctrl+H a Word: musanya } da ƙ, ] da ɗ, ~ da ɓ, ka duba manyan baƙaƙen su ma, Ƙ kan ɓoye a {, Ɗ kuma a [. Minti biyar ya gyara littafi guda.

Na uku, lambobi da gajerun kalmomi. Rubuta su cikakku. Alh. ya zama Alhaji, S.A.W. a rubuta salatin gaba ɗaya, 250 ya zama ɗari biyu da hamsin. In an bar su, ko a tsallake, ko a faɗe su da Turanci a tsakiyar Hausa.

Ɗan_Alabar:
Lambobi ko a Turanci suna da haɗari. Muryar Amurka ta ga 03/04/2025 za ta iya cewa huɗu ga Maris, alhali a nan uku ga Afrilu ake nufi. Ranar jarrabawa ko ranar zuwa kotu, a duba da ido ko a sa wani ya duba. Alamar GH₵ ma ba kowace murya ta san ta ba, wata sai ta ce G, H, ta wuce. Adadin kuɗi da awon magani, kada a dogara da kunne kaɗai.

Ummi_Tafo:
Sunayenmu na nan fa? Agyei, Kyei, Ejisu, Oforikrom, duk a karkace suke fitowa.

Sani_Adum:
Akwai ƙamus na furuci don wannan. A iPhone yana nan cikin Spoken Content da sunan Pronunciations. @Voice na da wurin musanya kalma, NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi allon kwamfuta, na da Speech dictionaries. Ka rubuta sunan yadda yake a takarda, sannan ka rubuta yadda muryar Turanci za ta faɗe shi daidai: Agyei ka ba ta Ajay, Kyei ka ba ta Chay, tunda a Twi gy kamar j yake, ky kuma kamar c namu. Sau ɗaya ake yi. Ga mai rubutun Twi gaba ɗaya kuma, ya gwada manhajar Khaya ta ƙungiyar Ghana NLP.

Yaya_Nima:
Gaisuwa daga Ankara, babban birnin Gana. Ina so a raba abu biyu da aka cakuɗa tun farkon zancen. Mai gani da ke son hutar da idonsa, karatun murya ya ishe shi. Makaho kuwa mai karanta allo yake buƙata, wanda zai faɗa masa kowane maɓalli da kowane akwati: TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, NVDA ko JAWS a Windows. NVDA kyauta ce, Michael Curran ya fara ta a 2006 a Ostareliya, kuma ana iya sa ta a filash a kunna a kowace kwamfuta. JAWS ta kuɗi ce.

Kuma Malam, murya mai daɗi ba ita ce ƙwararren makaho ke nema ba. Da yawa sun fi son eSpeak, mai sautin inji sosai, domin tana amsawa nan take kuma kalmominta ba sa narkewa ko an ninka sauri. Muryar da ta yi kama da ta mutum, da ka matsa mata gudu sai ta fara haɗiye baƙaƙe.

Gargaɗi guda: kada a kunna wa dattijo TalkBack a tafi a bar shi. Da zarar ta kunnu, taɓawa ɗaya zaɓi ne kawai, sai an taɓa sau biyu abu ke buɗewa, jan shafi kuma da yatsu biyu. Wanda bai sani ba zai ɗauka wayar ta lalace ya kai ta wurin gyara.

Malam_Aboabo:
Na karɓi gyara, Yaya. Amma dattijon da zai saurari awa guda, ina nan a kan cewa daɗin murya na da muhimmanci gare shi.

Yaya_Nima:
A nan ba mu saɓa ba Malam. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu rubuta takardun. Sakataren masallaci ko na makaranta ya tsara sanarwa a hoto mai ado ya tura zaure, babu rubutu ko layi ɗaya tare da ita. Makaho abin da zai ji shi ne "hoto", ya ƙare. Ku liƙa rubutun a ƙarƙashin hoton, ba ya cin komai. A Word ku yi amfani da Heading 1 da Heading 2 maimakon ƙara wa kanun magana girma da hannu, domin da su ne mai NVDA ke danna H ya yi tsalle daga babi zuwa babi. Ku sa wa hotuna bayani a Alt Text. Wajen fitar da PDF ku bi ta Save As, ku tabbata akwatin Document structure tags for accessibility na da alama. Print to PDF yana zubar da wannan tsarin duka. Gana na da dokar masu buƙata ta musamman tun 2006, Act 715, ta kuma shiga yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 da ta sauƙaƙa mayar da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita. Amma ɗalibin da ya fito daga makarantar makafi ta Akropong ko ta Wa ya shiga jami'a, abin da zai taras a hannun malaminsa shi ne zai yi masa aiki ko ya hana shi.

Baba_Sabon_Zango:
Allah ya yi maka albarka. Littattafan addini fa, Ustaz?

Ustaz_Asokore:
Baba, Alƙur'ani kam kada a ba injin nan. Bai san madda ba, bai san gunna ba, bai san inda ake tsayawa ba, ga kuma karatun alarammomi da aka naɗa ko'ina, na Hafs da na Warsh. Littafin Larabci marar wasali kuma, injin ne ke cintar wasalin, kuma wasali ɗaya na mayar da mai aikatawa wanda aka aikata wa. Ɗalibi ya yi amfani da shi don bita bayan ya karanta a gaban malami, ba kafin nan ba. Ajami na hannu kuwa, muryar Larabci ba za ta fitar da Hausa daga cikinsa ba, sai an juye shi zuwa boko.

Injiniya_Oforikrom:
Ga masu tunanin dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, da data, ga lissafi. Murya a saurin da aka saba tana yin wajen kalma 150 a minti. Littafi mai shafi 300, kowane shafi kalma 300, kalma 90,000 ke nan, awa 10. A sauri ɗaya da rabi ya koma awa 6 da minti 40. Balabolka, manhajar kyauta ta Windows, tana mayar da rubutu MP3 kuma tana iya yanka shi gunduwa-gunduwa. A 64 kbps awa 10 za ta ci wajen megabayit 288, a 32 kbps rabin haka, kuma magana ba kiɗa ba ce, 32 ya isa. Mutum ɗaya ya yi, ya raba wa aji duka ta bulutut ko memori. Ko ƙaramar waya mai maɓalli za ta kunna.

In karatu na tsayawa da kansa bayan allo ya mutu, yawanci mai tsimin batir ne ke kashe manhajar. Shiga bayanan manhajar, Battery, ka cire mata takunkumi.

Hajiya_Asawase:
A raba wa aji in darasin malami ne da izininsa. Littafin da ake sayarwa kuwa yana da mai shi.

Ɗan_Alabar:
Ina da ja a kan Hausar ita kanta. Duk muryoyin da aka ambata Hausar Najeriya suke yi. Mu a zango muna haɗawa da Twi da Turanci, mu ce trotro, mu ce dumsor, da yawa ba sa ma bambanta k da ƙ a baki balle a rubutu. Saƙon da aka rubuta da Hausarmu, injin zai karanta shi da bakin Kano, kalmomin aro kuma ya murɗe su.

Malama_Rabi:
Injin abin da aka ba shi ya koya. Common Voice na Mozilla na da sashen Hausa, kowa na iya shiga ya karanta jimloli a naɗi muryarsa, ko ya saurari na wasu ya tantance. An fi amfani da shi wajen koya wa inji jin magana, amma in ba muryar Aboabo ko Nima a irin waɗannan rumbunan, ba za a taɓa jin ta daga waya ba.

Ustaz_Asokore:
Ni kuma ina ganin daidaitacciyar Hausa ta fi wa dattawa, ita suka saba ji a rediyo shekara da shekaru. Kalmomin aron ne kawai za a rubuta musu yadda ake faɗa, turoturo maimakon trotro.

Malam_Aboabo:
Allah ya saka wa kowa. Saura abu ɗaya da ba a taɓa ba: takardar da ke da jadawali, kamar sakamakon jarrabawa ko lissafin kuɗin makaranta. Yaya ake yi da ita?

Yaya_Nima:
Karatun murya zai zubo lambobin a jere ba tare da faɗin gidan da kowace take ba. A Word ko Excel da NVDA, kana tafiya akwati-akwati, a jadawalin Word da Ctrl+Alt da kibiya, tana faɗa maka layi da gida. Amma sai in jadawalin gaske ne, ba wanda aka jera da maɓallin tazara ba. In jadawalin ya fito ne daga OCR, a sa mai gani ya gwada layi biyu ko uku da asalin takardar kafin a yarda da sauran.